Ginin Ɗakin Kaji a Zafin Sakkwato: Daga Zaɓen Fili Zuwa Ranar Zuba 'Yan Tsaki

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kaji a Sakkwato cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe biyu da rabi na rana, ya san yadda wurin yake zama. Kaji sun bar abinci, sun buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai, wasu sun tone ɓuntu sun manna ƙirji da siminti. Babu kuka babu guje-guje, sai sautin numfashi. A irin wannan rana na yi asarar da har yau take mini ciwo. Ɗakina na farko na jingina shi da katangar yamma ta gidanmu don in rage kuɗin bulo, kwanon kuwa in na miƙa hannu ina taɓa shi. Kwana uku aka yi ana zabga rana, sai manyan buroilolina, wato kajin nama, waɗanda suka fi ƙiba kuma na fi sa rai a kansu, suka fara kifewa ɗaya bayan ɗaya. Na zuba magani a ruwa, na sayo ƙanƙara, mutuwar ba ta tsaya ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya leƙo, ya ɗaga kai ya dubi kwanon, ya ce: "Ɗana, wagga ba cuta ba ta. Ɗakinga shi ka kashe su."

Gaskiya ya faɗa. Kaza ba ta gumi, ga gashi ya lulluɓe ta, kuma zafin jikinta kansa yana wajen digiri 41 a ma'aunin Salshiyas. Inda ta fi sakewa shi ne tsakanin digiri 18 da 24. Da an doshi 30 sai ta koma haki, domin da numfashi take fitar da zafi. A garinmu kuwa, daga Maris zuwa Mayu ma'auni yana yawan wuce 40 da rana. Kazar da ke haki ba ta cin abincin kirki, ƙwanta yana ƙanƙancewa, ɓawonsa yana yin laushi har ya fashe a hannu, buroila kuma ta daina ƙara nauyi alhali kana ta zuba kuɗi. Maganin wannan a wajen gini ake yin sa, tun ran gini tun ran zane. Abin da kake son ginawa a ƙasar nan rumfa ce mai tsayi wadda iska ke ratsawa ta ko'ina, kuma duk matakan da ke tafe hanyar kai wa ga wannan rumfa ne.

Neman fili

Kada ka sayi fili da rani ka yanke hukunci a kansa. Da rani kowane fili a Sakkwato busasshe ne, kyakkyawa. Je ka gan shi a watan Agusta, washegarin ruwan sama mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ya kwanta da inda ya bi ya wuce. In ba za ka iya jira ba, nemi tsofaffin manoman wurin ka tambaye su, ka kuma duba ƙasar da kanka: baƙin laka mai tsagewa da rani alamar kwanciyar ruwa ce. Fadamun gulbin Rima da gulbin Sakkwato suna jan hankali saboda ruwa yana kusa kuma akwai sanyi-sanyi, amma wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke gadar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba zai kafa jarinsa a kwari ba. Ko babu ambaliya, danshi yana jiƙa shimfiɗar kaji, daga nan sai cutar kashin jini da warin da ke cin ido. Tudu mai ɗan gangare, mai jigawa ko tsakuwa, shi ake so.

Abu na biyu iska. Tsaya a tsakiyar filin da azahar ka ji ko tana kaɗa rigarka. Filin da manyan gine-gine ko dogayen katangu suka kewaye ya riga ya rasa rabin amfaninsa. A nan ne fegin da muka saba saye, mai ƙafa 50 da 100, yake ba da matsala. In ka kafa ɗaki mai faɗin ƙafa 24 a tsakiyarsa, ƙafa 13 kawai ta rage kowane gefe, in kuma ka zagaye shi da katangar bulo mai tsayi, ka toshe wa kajin numfashi da hannunka. Ko dai ka haɗa fegi biyu, ko ka yi shingen waya, ko ka yi katanga gajera ka ƙarasa samanta da waya. Ka kuma lura da yadda fegin ya kwanta: wanda tsawonsa ya bi gabas da yamma ya fi dacewa, dalili yana zuwa.

Na uku ruwa. Kafin ka biya, bincika zurfin da maƙwabta suka haƙa kafin su samu ruwa, da ko rijiyoyinsu suna ƙafewa a watan Mayu. Ɗanɗana ruwan. Mai gishiri-gishiri ko zartsi yana sa kaji zawo kuma yana toshe bututu. Gonar kajin da ta dogara ga 'yan garuwa tana cikin haɗari, domin ranar da ruwa ya fi wuyar samu ita ce ranar da kaji suka fi buƙatarsa.

Sai nisa da mutane da sauran kaji. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a watan Fabrairun 2006, a wata gona a jihar Kaduna, masu kiwo suka gane cewa maƙwabtaka da wata gonar kaji ba alheri ba ne. In da hali, ka bar rabin kilomita zuwa kilomita ɗaya tsakaninka da gona mafi kusa, ka nisanci kasuwar kaji, mahauta da babban titin da motocin kaji ke bi. Ka nisanci tafkin da tsuntsayen daji ke sauka. Game da gidajen jama'a kuwa, haƙƙin maƙwabci abu ne mai nauyi, kuma wari da ƙudaje ba sa tsayawa a iyakar fegi. Garin Sakkwato yana faɗaɗa ta hanyoyin Wamakko, Kware, Dange da Boɗinga, filin da yake daji yau bayan 'yan shekaru unguwa ne. Yi wa kanka lissafin haka tun yanzu.

Sauran abubuwan a taƙaice: hanyar da mota za ta iya shiga da buhunan abinci ko da damina, takardun fili cikakku da shaidu da sanin mai unguwa ko hakimi, da tsaro. A halin da wasu sassan gabashin jihar ke ciki, fili mai araha a wurin da ba wanda zai yarda ya kwana ba shi da amfani, domin gonar kaji dole wani ya kwana a cikinta.

Inda ɗakin zai fuskanta

Wannan mataki ba ya cin ko sisi, amma in an yi kuskure a cikinsa sai an rushe. Tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Gajerun bangaye biyu, waɗanda za a toshe da bulo har sama, su ne za su kalli fitowar rana da faɗuwarta. Dogayen ɓangarori biyu masu raga su kalli kudu da arewa. Da haka rana za ta bi ta saman kwano tun safe har yamma ba tare da ta leƙa cikin ɗakin sosai ba. In ka juya shi akasin haka, ranar hantsi za ta shiga ta gabas, ta la'asar ta shiga ta yamma, kaji su yi ta tserewa suna cunkushewa a gefe ɗaya suna danne juna.

Bangon gabas yana da wani aikin kuma. Hadarin farkon damina daga gabas yake taso mana, da guguwa da ƙura a gaba, ruwa na dukan gini a karkace. Shi ya sa maginan gargajiya suke ƙara wa bangon gabas kulawa. Ɗakin da ya ba wa hadari gajeren bangonsa ya tsira daga jiƙewa, kuma iska ba ta samun faffadan wurin da za ta shiga ta ɗaga kwano.

Akwai kuskuren da na ga an yi fiye da sau ɗaya. Mu a bakinmu gabas ita ce alƙibla, sai birkila ya dubi masallacin unguwa ya ja igiyarsa. To alƙiblar Sakkwato ta karkata arewa da ainihin gabas da wajen digiri 20, kuma wannan karkata ta isa ta shigo da ranar la'asar cikin ɗaki. Yi amfani da kamfas ɗin da ke cikin waya. In babu, kafa sanda miƙaƙƙiya a fili mai laushi, ka sa dutse a ƙarshen inuwarta wajen ƙarfe goma na safe, ka sake sa wani wajen ƙarfe biyu na rana. Layin da ya haɗa duwatsun nan biyu ya kusa zama gabas da yamma sosai. A kansa za ka ja igiyar tushe. Ka tsaya a wurin ranar da za a ja ta, kada ka aika.

Awo

Faɗi shi ne abin kiyayewa. Iska tana shiga ta raga ɗaya ta fita ta ɗayar, in ɗakin ya cika faɗi sai ta mutu a tsakiya. Ƙafa 24 zuwa 28 ya wadatar, kada ka wuce 30, wato wajen mita 9. Tsawo kuwa ja shi iya filinka da aljihunka. Mai son ƙara kaji ya ƙara tsawo ko ya gina ɗaki na biyu, kada ya ƙara faɗi. In ɗakuna biyu ne jere, bar aƙalla ƙafa 50 a tsakaninsu don kada na farko ya tare wa na biyu iska ko ya hura masa numfashin kajinsa.

Ga misali da kaji masu ƙwai 500 a ƙasa kan shimfiɗa. A zafinmu kaza huɗu a kowace murabba'in mita shi ne kwanciyar hankali, wato kana buƙatar murabba'in mita 125. Ɗaki mai ƙafa 24 da 60 ya ba ka wajen 134, ka ga akwai 'yar rara ta mazubin abinci da na ruwa. Buroila ana iya sa takwas a murabba'in mita da damina ko hunturu, amma wadda za ta yi nauyi cikin bazara ni ba na wuce shida. Na san abin da ke zuwa ran mai kiwo idan Sallah ta matso: ɗakin ga shi da sauran wuri a ido, 'yan tsaki ƙanana ne, bari in ƙara ɗari. Ka tuna kowace kaza murhu ce, jikinta yana fitar da zafi dare da rana, kuma ɗan tsakon da bai cika tafin hannu ba yau, nan da mako shida ya kai kilo biyu.

Rufi, inda yawancin zafin ke shigowa

In kuɗinka kaɗan ne, rage a ko'ina amma ban da rufi. Kwanon da rana ta dake shi tun safe yana zafin da ba ka iya ɗora masa hannu, kuma wannan zafi yana sauka kai tsaye a bayan kaji kamar garwashin da aka riƙe a samansu. Abu huɗu ke rage shi: tsayi, baki, kafar sama, da abin da aka lulluɓa.

Tsayi: gefen ɗaki ya kai ƙafa 10 daga daɓe, tsakiya ƙafa 14 zuwa 15. Kafinta zai ce maka, "Alhaji, kaji ne fa, ƙafa bakwai ta isa, a rage katako." Ka gode masa ka tsaya a kan goma. Duk ƙafa ɗaya da ka ƙara tana nisanta kwano da kaji, tana kuma buɗe wa iska hanya. In keji za ka sa mai hawa-hawa, ƙara fiye da haka, domin kajin hawan sama sun fi kusa da kwano kuma ba su da inda za su gudu.

Bakin kwano: ya zarce bango da ƙafa huɗu ta kudu da ta arewa. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan karkata arewa, sauran watanni kuma tana kudu. Duka ɓangarorin biyu suna buƙatar inuwa ke nan. Da baki mai ƙafa huɗu, ranar tsakar bazara ba ta taɓa cikin ɗakin. A watan Disamba takan ɗan leƙo ta kudu, wannan kuwa ba laifi, lokacin kaji suna marhabin da ita. Bakin nan shi ne kuma ke hana feshin ruwan sama jiƙa shimfiɗa.

Kafar sama: iska mai zafi sama take tashi, in ba ta samu mafita ba sai ta taru a ƙarƙashin kwano ta dawo ƙasa. A bar buɗaɗɗiyar kafa a ƙololuwar rufin, faɗin ƙafa ɗaya zuwa biyu, tun daga wannan ƙarshe har wancan, sannan a ɗora mata wani ɗan rufi a sama kamar hula, wanda ya ɗaga da wajen ƙafa ɗaya kuma ya zarce kafar ta kowane gefe don kada ruwa ya shiga. A sa raga a tsakanin don tsuntsaye. Kafintoci da yawa ba su saba da wannan ba, zana masa a ƙasa da tsinke ya gani. A ranar da iska ta tsaya cak, irin ranakun nan na Mayu kafin saukar ruwa, wannan kafa ita kaɗai ke aiki.

Lulluɓi: a nan kakanninmu sun riga mu sani. Shiga bukkar ciyawa da azahar ka fito ka shiga shagon kwano, jikinka zai gaya maka bambancin. Jinka zalla ta fi kowane rufi sanyi, illarta gobara, gara, ɓera, da sauyawa bayan 'yan shekaru. Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce a yi kwano, sannan da an gama girbi a sayi karan dawa ko na gero, ko zana, a shimfiɗa a kansa da kaurin tafin hannu a ɗaure da waya sosai. Rana ba ta taɓa kwanon ke nan. Kafin damina ta kankama a sauke shi don kada ya riƙe ruwa ya sa tsatsa, a kuma kiyaye shi daga wayar lantarki da wutar shara. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya ya shafa wa saman kwanon farin fenti ko farar ƙasa, fari yana mayar da hasken rana, tsohon kwano mai tsatsa kuwa shanye shi yake yi. Alminiyom ya fi kwanon ƙarfe a wannan fanni in aljihu zai ɗauka. Silin yana taimakawa, amma in an yi shi a rufe yakan zama gidan ɓeraye, kuma kada a bari ya toshe kafar sama.

Ƙarshe, ɗauri. Guguwar farkon damina tana yaye rufin gidaje a jihar nan duk shekara, ɗakin kaji kuwa buɗe yake, iska tana shiga ƙarƙashinsa. A dasa ginshiƙai cikin kankare, a ɗaure katakon rufi da rodi ko ƙarfen ɗauri da ya fito daga cikin ginshiƙin, ƙusa kaɗai ba ta isa ba. Katako a shafe shi da maganin gara tun kafin a ɗora. Mai hali ya yi da ƙarfe wajen mai walda ya huta.

Bango, raga, labule da daɓe

Dogayen ɓangarorin nan biyu bulo ɗaya ko biyu kawai za a jera, sauran har sama raga. Dalili shi ne kaza a ƙasa take. In ka ja bango ya kai ƙugunka, kai da ke tsaye za ka ji iska a fuska ka ce ɗaki ya yi daɗi, su kuwa suna cikin rami. Durƙusa ka kai kanka daidai tsayin kaza, a nan ake auna ɗaki. Ragar ta zama mai ƙananan idanu, kada su wuce inci ɗaya, yadda gwara da sauran ƙananan tsuntsaye ba za su shiga su ci abinci su bar cuta ba. Ƙasa-ƙasa a sa mai kauri saboda muzuru, gafiya da kare. Da hunturu ƙura da gashin kaji suna toshe idanun raga har iska ta ragu ba ka lura ba, a riƙa bin ta da tsintsiya duk mako.

Labule dole ne, domin ƙasarmu ba zafi kaɗai gare ta ba. Daga Disamba zuwa Janairu iskar arewa maso gabas tana zuwa da sanyin dare da ƙura. A ɗinka tamfol ko buhuna, a kafe shi ta ƙasa, a riƙa jan sa sama da igiya. Yawancin mutane daga sama suke sako shi, wanda hakan ke barin kafa a ƙasa, sanyi ya bugi kaji kai tsaye. In daga ƙasa yake tashi, kajin sun samu kariya, gurɓatacciyar iska kuma tana fita ta sama. Ko a daren da ya fi sanyi kada a rufe ruf.

Daɓe a ɗaga shi ƙafa ɗaya sama da ƙasar waje, a yi shi da siminti, da ɗan gangare zuwa ƙofa don wanki. Daɓen ƙasa ya fi araha, amma ba ya wankuwa, ƙwayoyin cuta suna kwana a cikinsa daga zubi zuwa zubi, gafiya kuma tana ɓullowa ta ƙasa. A zagaye ginin da 'yar kwata daidai inda ruwan kwano ke zuba. Shimfiɗa kuwa, ɓuntun shinkafa yana samuwa a wajen masu casa, ga diddigar katako ta masu fira. Garin katako mai laushi ba shi da kyau ga 'yan tsaki, suna ci kuma yana shiga hancinsu. Da bazara kaurin inci biyu ya isa don kaza ta iya tonawa ta kai ga sanyin siminti, da hunturu a kai inci huɗu. Ga masu ƙwai, akwatin saka ɗaya ga kaji biyar, mai ƙafa ɗaya ta kowane gefe, a jera su jikin bangon gabas ko a tsakiya yadda ba za su tare raga ba. Kada a yi su da kwano a manna da bangon yamma.

Ruwa ma gini ne

Kaza mai ƙwai tana shan wajen rubu'in lita a rana in yanayi da sauƙi, da zafi kuwa ta ninka. Kaji 500 ke nan suna iya shanye lita 250 a yini ɗaya na Afrilu, jarka goma mai lita 25, ban da wanki. Tankin da zai riƙe na kwana uku shi ne mafi ƙaranci. Amma baƙin tankin roba da aka ɗora a kan ƙarfe cikin rana, zuwa azahar ruwansa ya zama na wanka, kaza kuwa in ta tsoma baki ta ji ɗumi sai ta ja da baya, a daidai lokacin da ƙishi ke kashe ta. Yi wa tankin rumfa, ka naɗe shi da zana ko buhun algarara. Bututu a binne shi ƙafa ɗaya ko fiye, wanda ya fito fili a naɗe, kada ya bi ta ƙarƙashin kwano. Da rana a zubar da ruwan da ya kwana a bututu kafin a cika mazubi. A baza mazuban yadda kaza ba za ta yi tafiyar da ta wuce mita uku ba kafin ta samu ruwa.

Busasshen zafinmu yana da fa'ida ɗaya. Hikimar da ke sanyaya ruwan randa, wato ruwa ya tsattsafo iska ta busar da shi ta tafi da zafi, tana aiki a ɗakin kaji. A Maris da Afrilu, lokacin da iska ba ta da laima, rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a ɓangaren da iska ke shigowa, da tazara a tsakaninsu, ka riƙa yayyafa musu ruwa daga sha biyu zuwa la'asar. Tun wajen gini ka sa a ja bututu ɗaya mai ƙananan huji ta saman ragar don wannan aiki. Da laima ta shigo a ƙarshen Mayu dabarar tana rage amfani, lokacin fanka ta fi, kuma fankar sola ta dace da mu tunda lokacin da ake buƙatarta rana tana tsaka. Rufaffen ɗaki irin na manyan kamfanoni mai manyan fankoki yana aiki ƙwarai, amma ran da wuta ta ɗauke kuma janareto ya ƙi tashi, cikin ɗan lokaci ake kwasar gawa. Wanda ba shi da wuta hanya biyu tabbatattu kada ya fara.

Abin da ke kewaye da ɗakin

Yashi tsirara yana mayar da zafin rana cikin ɗaki ta raga. Bar tsiri mai faɗin mita ɗaya a share kewaye da gini saboda maciji da ɓera, bayansa ka shuka abu mai rarrafe ƙasa kamar ɗankali ko wake. Dogonyaro yana jure ƙasarmu kuma ba ya zubar da ganye duka da bazara. Dasa shi ta yamma da gabas, nesa kaɗan yadda rassa ba za su hau rufi tsuntsaye su riƙa kashi a kai ba, ka sare rassan ƙasa iska ta wuce ta gindinsa.

Ƙofar gona ɗaya tak, da ɗan kwarmin siminti na ruwan maganin tsoma ƙafa a bakin kowane ɗaki. Ma'ajiyar abinci kusa da ƙofa, buhuna a kan katako, don mai kawo kaya da mai sayen ƙwai su tsaya a nan ba sai sun isa wajen kaji ba. Iskarmu biyu ce, ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma, saboda haka ramin binne matattu da wurin tara taki su koma kusurwar arewa maso yamma ko kudu maso gabas, inda babu wadda za ta kwaso su ta kai wa kaji. Takin nan kuɗi ne, manoman albasa da na lambu suna nemansa, a yi masa rumfa kada ruwa ya dake shi.

'Yan tsaki su samu nasu ɗaki daban, nesa da manya. Yawancinsu daga ƙyanƙyasar kudu suke zuwa, musamman Ibadan, sun sha doguwar tafiya, suna isowa a gajiye. Makon farko suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35, ana ragewa da wajen digiri uku duk mako. Da hunturu za ka kunna gawayi ko gas, to a bar kafa a sama, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe 'yan tsaki har da mai kwana da su. Da bazara kuwa da rana ba su buƙatar wuta sam, sai can cikin dare. Su da kansu za su nuna maka: in sun dunƙule kusa da wuta sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki zafi ya yi yawa. Tsarin allurar rigakafi ka karɓe shi daga likitan dabbobi, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin gari.

Uwar gida mai kaji ashirin ko talatin a tsakar gida, ƙa'idar ɗaya ce. Akurki ya tsaya a kan ƙafafu, raga ta ɓangare biyu, zana a kan rufinsa, a ƙarƙashin inuwa, nesa da murhu da bangon da ranar yamma ke duka, domin bangon nan yana riƙe zafi har bayan isha.

Kafin ka biya kuɗin 'yan tsaki

In an gama gini, sayi ma'aunin zafi guda biyu. Rataya ɗaya a tsakiyar ɗakin daidai tsayin kan kaza, ɗayan a inuwar bishiya a waje. Duba su da ƙarfe uku na rana kwana uku a jere. In na ciki ya yi daidai da na inuwar bishiya ko ya ɗara shi da digiri ɗaya, ginin ya yi. In ya ɗara da uku ko huɗu alhali ko kaza ɗaya ba ta shiga ba, koma kan rufin, ƙara masa kara ko fenti. Sannan ka ɗauki kasko da ɗan garwashi da turaren wuta, ka ajiye a ƙasa a wurare daban-daban, tsakiya da kusurwoyi huɗu, ka tsuguna ka bi hayaƙin da ido. Inda ya karkata ya fita ta raga ko ya miƙe ya bi kafar sama, lafiya. Kusurwar da ya tsaya yana lilo a wuri ɗaya, nan kaji za su fara mutuwa. Nemo abin da ya tare ta, katanga ce ko tarin buhuna ko bangon da ya yi tsayi, ka gyara, ka sake kunna turaren.